Ganuwar Kwamfuta Tana Tsare Baƙo, Ba Ta Tsare Abin Da Maigida Ya Shigo Da Shi

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata tambaya ce da wani aminina, mai sayen riɗi da shinkafa, ya kawo mini bayan sallar La'asar. Ya sayi kwamfuta ta hannu, ya damƙa wa ɗansa domin ya riƙa rubuta masa lissafin bashi, watau wanda ya ke bin mutane da wanda su ke binsa. Wanda ya sayar masa ya ce ya kwantar da hankalinsa, akwai wani abu a cikinta da a ke kira fayawol, ba wata cuta da za ta iya shiga. Ba a yi wata huɗu ba, yaron ya kai filashi wani shagon buga takardu, ya komo ya soka shi a kwamfutar, sai takardun lissafin da ke cikinsa suka ɓace, wasu alamu masu 'yar kibiya a gefe suka maye gurbinsu, kuma duk filashin da aka soka bayan haka sai ya kamu. Ya ce da ni, "Malam, ashe ƙarya aka shara mini?" Na ce masa, "Alhaji, ba a yi maka ƙarya ba, amma rabin magana aka gaya maka." To, ragowar rabin ne na ke so in shimfiɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ne a ke gaya wa haka ba.

Da farko mu san cutar. Abin da masu wannan sana'a su ke kira tsutsa ba wata halitta ba ce, rubutu ne da ɗan Adam ya tsara domin kwamfuta ta bi umurninsa. Bambancinta da sauran cututtukan na'ura shi ne ba ta jiran a kwafe ta, ita ce ta ke kwafar kanta. Idan ta shiga kwamfuta guda, sai ta mai da ita masauki, daga nan ta riƙa laluben wasu ta hanyar intanet, duk wadda ta samu da rauni ta faɗa mata, ita ma waccan ta shiga laluben wasu. Ta farko da ta girgiza masana ita ce wadda Robert Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki a watan Nuwamba na 1988, ta kwantar da dubban kwamfutoci a lokacin da intanet ta ke jaririya. A Janairun 2003 wata mai suna Slammer, wadda dukan rubutunta bai kai shafi guda ba, ta kama kwamfuta wajen 75,000 cikin minti goma. Ko gobara a zana lokacin hunturu ba ta wannan gudu.

Sa'an nan mu san maganin da a ke talla. Kalmar fayawol asalinta katangar da a ke ginawa domin ta tare wuta kada ta tsallaka, amma a wurinmu ganuwa ta fi kusa da ma'anarta, don haka da ganuwa zan riƙa kiranta. Kowace kwamfuta tana da ƙofofi da ba a gani da ido, kowace da lambarta, lambobin sun kai 65,535. Ta wata ƙofa a ke karɓar shafukan karatu, ta wata a ke musayar takardu tsakanin kwamfutocin ofis guda. Aikin ganuwa shi ne ta tsaya kamar sarkin ƙofa. Duk saƙon da ya zo daga waje, sai ta duba ko maigida ne ya aika a kirawo shi. In amsar abin da ya nema ce, ta bar shi ya wuce. In kuwa baƙo ne ya zo yana ƙwanƙwasa ba a gayyace shi ba, ta hana shi. Iyakar aikinta ke nan, wanda ya gane wannan kuwa ya gane ƙarfinta da kasawarta gaba ɗaya.

Ƙarfinta ba abin musu ba ne, tarihi ya shaida shi. A watan Agusta na 2003 tsutsar da a ke kira Blaster ta riƙa shiga kwamfutocin Windows ta ƙofa mai lamba 135, a ƙarshen Afrilun 2004 kuma Sasser, wadda wani saurayi a Jamus ya rubuta, ta biyo ta ƙofa mai lamba 445. Waɗannan ba su bukatar maigida ya taɓa komai, daga ya haɗa kwamfutarsa da intanet sai ya ga tana mutuwa tana tashi da kanta. Windows XP kuwa tana da ganuwa tun asali, amma a kashe a ke sayar da ita, sai wanda ya sani ya kunna. Waɗanda suka kunna, baƙon ya ƙwanƙwasa ya wuce. Da kamfanin Microsoft ya ga haka, a Agustan 2004 ya fitar da gyara wanda ya sa ganuwar ta zama a kunne tun daga farko, kuma haka ta ke zuwa a duk Windows da suka biyo baya. Tun daga nan irin wannan annoba ta yi sauƙi ƙwarai a gidajen mutane. Saboda haka duk mai gyaran da ya ce maka ganuwa ba ta da amfani, nauyi kawai ta ke ƙara wa na'ura, kada ka saurare shi.

Amma mutanen Haɗejiya sun fi kowa sanin cewa abin tsaro yana da iyaka. Kogin nan namu, wanda kogin Kano da na Calawa su ke haɗuwa su haifa, an tare shi da madatsar Tiga tun 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, duk da haka idan damina ta yi ƙarfi jinga ce tsakaninmu da shi. Waɗanda suka kwana suna cika buhuna da ƙasa a daminar 2020 da ta 2022 sun san abu uku game da jinga. Ba ta tare ruwan saman da ya zuba a cikin gari. Ba ta tare ruwan da wani ya fasa mata hanya da hannunsa domin ya shayar da gonarsa. Idan kuma aka bar ta shekara da shekaru ba ciko, ramin gafiya guda ya isa ya kai ruwa ƙofar gida. Ba wanda ya taɓa cewa a rushe jinga saboda wannan, ba kuma mai hankalin da ya ke barci da minshari don kawai akwai ta. Ganuwar kwamfuta haka ta ke, ga kuma hanyoyin da cuta ta ke bi ta tsallake ta.

Hanya ta farko ita ce abin da aka ɗauko da hannu, watau filashi da memori. Ganuwa tana gadin hanyar intanet ne, ba ruwanta da abin da aka soka a jikin na'ura. Tsutsar Conficker, wadda ta ɓulla a Nuwamban 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci, bayan ƙofa ta 445 ta koyi hawa filashi. Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta filashi aka tsara ta isa na'urorin tace yuraniyom na Natanz a ƙasar Iran, waɗanda ba a haɗa su da intanet ba ma sam. In wurin da sojoji ke gadi bai tsira ba, ina ga shagon da filashi hamsin ke shiga kwamfuta guda a yini? Wannan ita ce cutar da ta sami aminina, kuma a ganina ita ce ta fi damun ƙasarmu, domin mu mutane ne masu kai takarda a buga mana, masu ba da memori a zuba mana karatu da wa'azi. Dabarar wannan tsutsa ita ce ta ɓoye takardun gaskiya, ta ajiye alama mai kama da su, da ka danna alamar ka tashe ta da hannunka.

Hanya ta biyu ita ce abin da maigida ya kirawo da bakinsa. A watan Mayu na 2000 wata tsutsa daga Filifin ta zaga duniya a siffar wasiƙar soyayya, duk wanda ya buɗe sai ta aika kanta ga dukan abokansa da sunansa. Har yau dabarar ba ta tsufa ba, riga kawai ta ke sakewa, yau tallafin gwamnati, gobe kyautar data, jibi saƙon banki. A 2021 hukumar sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yi gargaɗi a kan wata mai suna FluBot, wadda ta ke zuwa wayar Android a saƙon tes, ta saci bayanan banki, ta aika kanta ga wasu lambobi. Idan ka danna irin wannan, a wurin ganuwa kai ne ka aika a kirawo baƙon, don haka za ta buɗe masa ƙofa da ladabi. Haka kuma manhajar sata da a ke zuba wa mutane kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, wadda sau da yawa mai zubawar ya kan kashe mai kamun cuta tukuna kafin ta yarda ta zauna. Kuma ganuwar Windows, yadda ta ke zuwa, ba ta tuhumar mai fita kamar yadda ta ke tuhumar mai shiga. Ɓarawon da ya riga ya shiga yana iya fitar da kaya ta gabanta. Da ɗan gari a kan ci gari.

Hanya ta uku ita ce ƙofar da aka bari a buɗe domin maƙwabta. A ofis ko makaranta ko shago, a kan haɗa kwamfutoci su riƙa musayar takardu, ganuwar kowace tana amincewa da 'yan'uwanta. Idan ɗaya ta kamu, sauran sun shiga uku. Haka aka gani ranar 12 ga Mayu 2017, da WannaCry ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana kulle takardun mutane tana neman fansar dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati suka rikice, aka soke ganin likita wajen sau 19,000. Abin lura a nan shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin annobar, waɗanda suka kamu su ne waɗanda ba su liƙa ba. Blaster ma facinta ya riga ta fitowa da kusan wata guda. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Hanya ta huɗu ita ce ganuwar kanta ta zama ita ce ɓarakar, gama ita ma rubutun ɗan Adam ce. A watan Maris na 2004 wata tsutsa mai suna Witty ta nufi masu wata ganuwar saye da a ke kira BlackICE, ta kama wajen 12,000 cikin abin da bai kai awa guda ba, ta riƙa lalata abin da su ka ajiye. Waɗanda ba su sayi kayan tsaron kamfanin da ya yi ta ba, ba ta taɓa su ba. Na kawo wannan ne domin mai kuɗin da ya ke zaton tsadar abu ita ce tsaronsa. Ga mai kwamfuta ɗaya a gida, ganuwar da ta zo tare da Windows ta wadatar, muddin a na sabunta ta.

A nan ne maganar tsofaffin kwamfutoci ta shigo, domin mafi yawan abin da ya ke isowa kasuwanninmu na hannu ne. Microsoft ya daina yi wa Windows XP faci na yau da kullum a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na gama-gari ya cika a Oktoban 2025. Ganuwar Haɗejiya ta tsare kakanninmu daga mahaya da masu baka zamani mai tsawo, amma a Afrilun 1906, da Turawa suka zo da igwa, aka yi yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, Allah Ya jiƙansa. Ba jaruntaka aka rasa ba, makami ne ya sake. Wanda ya ke shiga banki da kwamfutar da aka daina yi wa faci shekara goma, ya san da ganuwar jiya ya ke fuskantar makamin yau.

Na san akwai masu cewa, "Mu da ba mu da komai a ciki, wa zai kula da mu?" Jawabi shi ne tsutsa ba ta zaɓe, lamba ta ke bi ɗaya bayan ɗaya, ba ta san attajiri ba, ba ta san almajiri ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba komai a ciki. Akwai malamin da ya ɗauki hoton littattafan da ya gada na rubutun hannu, wasunsu gara da ruwa sun riga sun ci asalinsu. Akwai dillalin da lissafin manoma arba'in ya ke hannunsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, rubutun da aka yi domin kiyaye haƙƙi kuwa tsare shi yana cikin cikar aikin. Malamai sun sani a babin ajiya cewa wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta, sai fa in an same shi da sakaci. Ban isa in yanke hukunci ba, na malamai ne, amma ina roƙonsu su duba mana, shin wanda aka gaya masa hanyar tsaro ya ƙi bi, har lissafin mutane ya salwanta a hannunsa, ya fita daga sakaci?

Akwai kuma masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, mun yi imani. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta sauka a can, juyawa ya yi da jama'arsa, bai kuwa fita daga ƙaddara ba. Kwamfutar da ta kamu ba mai ita kaɗai ta ke cuta ba, kowane filashi da ya fita daga gare ta guzurin cuta ne ga wani Musulmi.

To, ga abin da na ke ba da shawara, ba kuwa mai tsada a ciki. Na farko, a bar ganuwa a kunne, kada a kashe ta don wani ya ce manhajarsa ba za ta zauna ba. In an haɗa kwamfuta da intanet na otal ko makaranta ko tasha, aka sami zaɓi tsakanin gida da bainar jama'a, a zaɓi bainar jama'a, domin a nan ne ta ke rufe ƙofofin musaya. Na biyu, a bar ta ta sabunta kanta ko da sau ɗaya a wata. Na san data kuɗi ce, amma ba ta kai buhun riɗi guda da za a yi musu a kansa ba. Na uku, a bar mai kamun cuta da ya zo tare da Windows yana aiki, domin shi ne mai binciken cikin gida, aikinsa daban da na ganuwa, ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya. Na huɗu, a ware filashi guda na zuwa shago, kada a ajiye komai mai daraja a cikinsa, in ya komo a bincike shi kafin a buɗe, in an ga alama mai kibiya a inda a ke tsammanin takarda kada a danna. Wanda kuwa ya riga ya kamu kada ya yi gaggawar wanke filashin, sau da yawa takardun suna nan a ɓoye, mai gyara na ƙwarai zai fito da su, kamar yadda aka fito wa aminina da nasa. Na biyar, kwamfutar da a ke zargi a raba ta da intanet da sauran na'urori har a gyara ta. Na shida, wanda ya fi duka, a kwafi abin da ba a son rasawa a ajiye a wuri na biyu wanda ba ya manne da kwamfutar, lissafin bashi kuma a buga shi a takarda lokaci lokaci. Kakanninmu ba su tara hatsinsu duka a rumbu guda a bakin fadama.

Ina kuma da roƙo ga hukuma. Ɗan garin nan, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, shi aka naɗa shugaban hukumar NITDA ta bunƙasa fasahar zamani a 2019, wannan ya nuna ƙasarmu ba ta rasa masu ilmin ba. Abin da ya ke da ƙaranci shi ne ilmin ya sauko da harshen da mai kifi da mai shinkafa da gardi za su ji. A riƙa fassara gargaɗin nan da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo, a koya wa masu shagunan buga takardu tsabtace na'urorinsu, gama su ne mashayar da kowa ke sha. Shago guda da aka tsabtace ya fi ganuwa ɗari amfani a garin nan.

Saboda haka, Alhaji, da duk mai irin tambayarka, jawabi ke nan. Ganuwa tana tsare ka daga tsutsar da ta zo daga waje tana ƙwanƙwasa, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma filashin da ɗanka ya soka, da saƙon da ka danna, da facin da ba ka liƙa ba, waɗannan gadinsu yana wuyanka. Allah Ya tsare mana amanar mutane da ke hannunmu, Ya kiyaye garinmu daga ruwa da wuta da sharrin abin da muka sani da wanda ke ɓoye, amin. Haza wasalam.